Tambaya da Amsa: Gilashin Manne Mai Ganin Nesa da Kusa, Wanda Ake Sassaƙa wa Kowane Ido Nasa

Galibin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun ta'allaƙa ne a kan abu guda, wato ɗan siririn gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido maimakon tabarau, musamman irin wanda ke nuna nesa da kusa a lokaci guda, kuma ake ƙera shi bisa awon idon mutum ɗaya tak. A nan za mu riƙa kiran sa gilashin manne, ko da yake na zamanin nan da wasu nau'o'in roba ake yin sa. Na taƙaita wasiƙun, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, shekaruna 47. Na shafe shekara 20 ina sa gilashin manne saboda ba na ganin nesa, amma tun bara sai na miƙa hannu can kafin in iya karanta rubutun ɗalibai. Likita ya ce akwai gilashin da zai ba ni nesa da kusa tare. Ta yaya abu ɗaya, ƙarami haka, zai yi aiki biyu?

AMSA: Malama, abin da ya same ki ba cuta ba ce, kuma ba gilashin da kika daɗe kina sawa ne ya jawo shi ba. A cikin ido, bayan baƙin ido kaɗan, akwai wani ɗan madubi mai taushi, wanda shi ne yake dushewa idan aka ce mutum ya kamu da yanar ido. Duk lokacin da mutum ya dubi abu na kusa, wata tsoka da ke kewaye da madubin tana tsukewa, madubin ya ƙara kumbura, ƙarfinsa ya ƙaru, sai rubutu ya fito tas. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira dayofta. Dayofta 1 ita ce ƙarfin da ke tattara haske a nisan mita 1, dayofta 2.50 kuwa a nisan santimita 40, wanda shi ne kusan nisan da yawancin mutane ke riƙe littafi. Yaro ɗan shekara 10 yana iya ƙara wa idonsa fiye da dayofta 10 ba tare da ya san ya yi wani aiki ba, mai shekara 45 abin da ya rage masa bai wuce 3 zuwa 4 ba, wanda ya kai 60 kuwa da kyar ake samun 1. Madubin ne ke taurara sannu a hankali, kuma babu wanda yake tsallake wannan in dai ya yi tsawon rai. An ƙiyasta cewa a shekarar 2015 mutum kusan biliyan 1.8 ne ke cikin wannan hali a duniya.

A tabarau an daɗe da samo mafita. Tun cikin shekarun 1780 Benjamin Franklin na Amurka ya bayyana tabaransa mai hawa biyu, na nesa a sama, na kusa a ƙasa. Tabarau yana zaune a kan hanci, ido ne ke yawo a bayansa, don haka idan mutum ya saukar da kallo sai ya faɗa cikin ɓangaren karatu. Gilashin manne kuwa yana bin ido duk inda ya juya, kuma nan ne wahalar take. Hanya biyu aka bi aka warware ta.

Ta farko ita ce a kwaikwayi tabarau. Ana yin gilashin da roba mai tauri, a ƙara masa kauri ta ƙasa domin kada ya juya, wani lokaci har a daddatse gefensa na ƙasa ya miƙe, ya zauna a kan fatar ido ta ƙasa kamar yadda ake ɗora abu a kan kanta. Idan kin dubi nesa, ɓangaren sama ne ke gaban ƙofar haske, wato ɗan ramin nan da ke tsakiyar baƙin ido. Idan kin sunkuyar da ido kan littafi, fatar ido ta ƙasa tana tokare gilashin, ido ya zame ya sauka, ɓangaren karatu ya hau gaban ƙofar. Gani da wannan yana fita tangaran, domin a kowane lokaci ƙarfi ɗaya ne ke aiki, sai dai yana buƙatar fatar ido mai ƙwari wadda take daidai da gindin baƙin ido, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin a daina jin sa.

Ta biyu ita ce wadda aka fi bi a yau, kuma kusan duk gilashi mai taushi mai ganin nesa da kusa a kanta yake. Ana jera ƙarfin nesa da na kusa a zagaye, zobe cikin zobe, ko kuma a bar ƙarfin ya riƙa sauyawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Wani tsarin yana sa na kusa a tsakiya, wani yana sa na nesa. Duka ƙarfin suna gaban ƙofar haske a lokaci guda, ke nan hoto biyu ne ke sauka a labulen bayan ido, ɗaya a fili, ɗaya a dushe, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar wanda take so ta yi watsi da ɗayan. Misalinsa kamar mai leƙe ta taga mai raga ne, idan ya zuba ido a kan abin da ke waje sai ragar ta ɓace masa alhali tana nan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a wannan tsari raba haske ake yi, ba a ƙara shi. Kason da aka ba karatu daga na nesa aka ɗebo shi, kuma duk ƙwarewar masu ƙera gilashin a kan wannan rabo take, wato nawa za a ba kowane ɓangare, kuma a wane wuri.

TAMBAYA: Na gwada gilashin manne mai ganin nesa da kusa har iri uku, irin wanda ake sayarwa a kwali, babu wanda ya yi mini. Yanzu an ce a ƙera mini nawa na musamman. Mene ne bambancin, kuma me zai sa in yarda wannan zai yi?

AMSA: Malam, shakkar da kake yi tana kan hanya, kuma zan fara da abin da wasu ba sa so a faɗa: mutane da yawa ba sa buƙatar na musamman, na kwali ya ishe su, kuma da shi ya kamata a fara. Na kwali ana zuba shi ne a mazubi, miliyoyi iri ɗaya, yawanci da lanƙwasa ɗaya ko biyu, faɗi kusan milimita 14, ƙarin ƙarfin karatu kuma mataki biyu ko uku kawai. An tsara shi ne domin ido matsakaici. Wanda idonsa ya kauce wa wannan matsakaici shi ne ke shan irin wahalar da ka sha, kamar wanda ake ta gwada masa riga a kanti alhali wurin tela ya kamata a kai shi.

Waɗanda suka fi cin moriyar na musamman su ne masu lambar ido (ƙarfin gilashin da likita ke rubuta wa mutum) mai girma da ta wuce abin da kamfanoni ke zubawa, da masu astigmatizim mai yawa, wato waɗanda koniyarsu ta lanƙwashe kamar bayan cokali maimakon bayan ƙwallo. Koniya ita ce marfin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, kuma ita kaɗai ke ɗauke da kusan dayofta 43 cikin 60 na ƙarfin ido gaba ɗaya. Akwai kuma masu koniya mai faɗi ko ƙarama fiye da kima, domin matsakaiciya ba ta cika wuce milimita 11.5 zuwa 12 ba, da waɗanda aka yi wa aiki a koniya, da masu ciwon keratokonas, inda koniya ke sirancewa ta yi tsini. Ga waɗannan na ƙarshe akan yi babban gilashi mai tauri, mai faɗin milimita 15 ko fiye, wanda ke zama a kan farin ido ya yi wa koniya rumfa ba tare da ya taɓa ta ba, ruwan gishiri na musamman ya cika tsakaninsu, kuma ana iya sassaƙa ƙarfin karatu a fuskarsa ta gaba.

Komai ya dogara ne da awo. Bayan an gano lambar ido, sai a zana taswirar koniya da wata na'ura mai haska zobuna masu haske a kan ido, dabarar da Antonio Placido na Fotugal ya fito da ita a shekarar 1880, sai dai yanzu kwamfuta ce ke karanta yadda zobunan suka matse ko suka buɗe, ta fitar da lanƙwasar dubban wurare. Daga nan sai awon da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato faɗin ƙofar haske. Wannan ƙofa tana tsukewa a rana, tana buɗewa a duhu, tana ƙara tsukewa idan an dubi abu na kusa, kuma tana ƙanƙancewa da shekaru. Ka ɗauka an ba mutum gilashi mai zagayen karatu a tsakiya wanda faɗinsa milimita 2.5 ne, alhali ƙofar idonsa a rana ba ta wuce milimita 2.5 ɗin ba. Da zarar ya fita waje, zagayen karatu ya rufe ƙofar baki ɗaya, nesa ta dushe masa. Wani kuma mai babbar ƙofa, wannan zagayen ya yi masa kaɗan, karatu ya gagare shi. A na musamman ana auna ƙofar a haske da kuma a duhu-duhu, sannan a yanka faɗin zagayen daidai da ita.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓuya. Layin da mutum ke gani ta kansa ba ya bi ta tsakiyar koniya daidai, yawanci yakan ɗan karkata wajen hanci, gilashi mai taushi kuwa yakan ɗan zame wajen kunne idan ya zauna. Tazarar ba ta cika kai milimita ɗaya ba, amma ga zagayen da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, wannan babbar tazara ce, kuma ita ce ke sa wasu su riƙa ganin inuwa a gefen haruffa duk irin gilashin da aka canza musu. Wasu masana'antu suna iya gusar da tsakiyar zobunan zuwa inda layin ganin mutum yake, muddin an yi wa gilashin abin da zai hana shi juyawa.

Za a kuma gano idon da ya fi rinjaye a wurinka, domin a fifita nesa a cikinsa, a fifita kusa a ɗayan. Sannan likita nagari zai tambaye ka yadda kake yini: awa nawa a gaban kwamfuta, ko kana tuƙi da dare, ko aikinka na duba ƙananan lambobi ne. Ka amsa da gaskiya, kuma ka faɗi abu ɗaya da ba za ka yarda ka rasa ba. Ba zan ce maka lallai zai yi ba, amma idan an gano dalilin da ya sa ukun farko suka gaza, kuma dalilin yana cikin waɗannan da na ambata, to gwajin yana da tushe. Idan kuwa ba a auna komai ba face lambar ido, ina ba ka shawara ka dakata.

TAMBAYA: Ni injiniya ne, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake ƙera abu mai siranta haka da ƙarfi daban-daban a jikinsa. Yaya ake yi?

AMSA: Injiniya, sassaƙa ake yi, irin wadda ka sani a injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, sai dai a nan ma'aunin ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Likita yana aika awo zuwa masana'anta, wani lokaci har da taswirar koniya kai tsaye daga na'ura, manhajar kwamfuta ta lissafa siffar ciki da ta waje, ta mai da su umarnin da inji zai bi. Kayan aikin wani ɗan dunƙulen roba ne mai kama da maɓallin riga, faɗinsa kusan milimita 12.7 ga gilashi ƙarami, ya fi haka ga manya. Ana damƙe shi a bakin inji, yana juyawa sau dubbai a minti, wuƙa mai bakin lu'ulu'u tana bi tana fere shi.

Fuskar ciki ake fara yankawa, wadda za ta kwanta a kan ido. Daga nan sai a manna wannan fuska a kan wani ɗan sanda da kaki mai narkewa, a juya, a yanka fuskar waje, inda galibi ake sassaƙa zobunan nesa da kusa. Wannan mannawa tana da haɗari fiye da yadda ake zato, domin idan maɓallin ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, fuskokin biyu ba za su dace ba, aikin ya lalace. Na taɓa tsayawa ina kallon irin wannan inji yana aiki, abin da ido ke iya gani kawai shi ne wani farin zare, siriri kamar na gizo-gizo, yana fita daga bakin wuƙar iska tana zuƙe shi, cikin 'yan mintuna kuma sai ga ɗan ƙoƙo garai-garai wanda kaurin tsakiyarsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Injinan zamani suna sarrafa wuƙar da daidaiton da bai kai maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma wasunsu wuƙar tana shiga tana fita cikin kowane juyi guda, wanda da haka ake samun siffar da ba ta zagaye daidai ba, irin ta masu astigmatizim ko ta zobunan da aka gusar gefe.

Dalilin wannan tsanani shi ne, a ƙarƙashin gilashi mai tauri hawaye yana taruwa ya zama wani madubi na daban. Idan lanƙwasar ciki ta sauya da milimita 0.05 kacal, ƙarfin wannan madubin hawaye yana sauyawa da kusan dayofta 0.25, wanda mataki guda ne cikakke a takardar likita. Haka nan ga mai astigmatizim, idan gilashi ya juya da digiri 10 daga inda aka nufa, kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran ya tafi, idan ya kai digiri 30 kuwa kamar ba a gyara ba. Shi ya sa ake zana wasu ƙananan alamomi da lesa a gefen gilashin, domin likita ya ga inda ya tsaya a kan ido.

Mai taushi yana da nasa ƙarin mataki. Ba a iya fere abu mai laushi, don haka a bushe ake yanka shi yana da tauri, sannan a jiƙa shi cikin ruwan gishiri ya sha ya kumbura. Tsohuwar robar nan mai riƙe ruwa kashi 38 cikin 100 tana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar ta kowane ɓangare, ke nan dole a yanka shi ƙarami, kuma a lissafa tun farko yadda kowane zobe zai zama bayan ya sha ruwa. Saboda haka ake kula da ɗumi da laimar ɗakin aikin, domin robar tana fara shan laima daga iska tun tana kan inji. Bayan an goge fuska da gefe idan da buƙata, an wanke sauran sinadarai, sai a auna ƙarfi da lanƙwasa da faɗi da kauri, a duba shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a rufe shi cikin kwalba, a turara shi a zafin digiri 121 domin kashe ƙwayoyin cuta.

Wanda ya san inda aka faro zai fi ganin girman wannan. A shekarar 1888 Adolf Fick ya gwada gilashin manne na ainihin gilashi a birnin Zurik, mai nauyi, wanda ba a iya jure shi sai na 'yan sa'o'i. A 1948 Kevin Tuohy na Amurka ya fito da ƙaramin na roba mai zama a kan koniya kaɗai. Mai taushi kuwa daga Otto Wichterle na Chekoslobakiya ya fito, wanda a ƙarshen shekarar 1961 ya haɗa injinsa na farko a gida da kayan wasan yara da ɗan janareton fitilar keke, kuma sai a 1971 kamfanin Bausch & Lomb ya sami izinin sayar da shi a Amurka. Robar silikon mai barin iskar oksijin ta ratsa sosai ta shigo kasuwa ne a ƙarshen shekarun 1990, daga baya aka samar da nau'inta da ake iya ferewa.

TAMBAYA: An ƙera mini nawa, mako guda ke nan. Ina karanta waya lafiya, amma da dare ina ganin kewayen haske a jikin fitilun mota, kuma haruffa suna da 'yar inuwa. An yi kuskure ne a wurin ƙerawa?

AMSA: Baiwar Allah, mai yiwuwa ne, amma ba shi ne abin da ya fi yawa ba. Da dare ƙofar haske tana buɗewa, zobuna da yawa su shigo cikinta, hoton da bai fito ba ya bayyana a matsayin kewaye a jikin fitila. Wannan yana cikin ɗabi'ar tsarin, kuma ga mutane da yawa yana raguwa cikin mako biyu zuwa 'yan makonni, yayin da ƙwaƙwalwa ke sabawa. Kafin lokacin, kada ki yi tuƙin dare da shi idan ba ki natsu da ganinki ba, ki koma tabaranki.

Abin da ba na so shi ne ki yi shiru ki jefa shi a aljihun tebur, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Gilashi na musamman ba kasafai ake dacewa da shi a karon farko ba, kuma sake yanka shi sau ɗaya ko biyu yana cikin aikin. Idan kin koma, ki je da shi a idonki bayan kin sa shi na 'yan sa'o'i, domin a gan shi yadda ya zauna. Likita zai duba ko yana tsakiya, da yadda yake motsi idan kin ƙifta. Idan mai tauri ne zai ɗiga wani rini a ido ya haska shuɗin haske, hawayen da ke ƙarƙashinsa ya koma kore shar, inda ya taru ya yi haske, inda gilashin ya danna ya yi duhu, a ga zamansa ƙuru-ƙuru. Sau da yawa gyaran ɗan kaɗan ne, dayofta 0.25 a ido ɗaya, ko a rage faɗin zagayen karatu a idon da ya fi rinjaye. Ki gwada ganinki da ido biyu a buɗe, da wayarki da takardun aikinki, domin rufe ido ɗaya ana gwada ɗaya yana nuna aibin da ba ya bayyana a zaman yau da kullum.

Kada kuma a manta da hawaye. Bushewar ido tana ƙaruwa da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma idan fuskar gilashi ta bushe gani yana dushewa ko da an yanka shi daidai. Alamar ita ce ganin ya washe da zarar kin ƙifta, sannan ya sake dushewa. Idan an yi duk wannan kewayen hasken bai ragu ba, akwai sauran hanyoyi: irin mai hawa biyu da na bayyana a sama, ko a gyara ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa, ko gilashin manne na nesa tare da tabaran karatu.

TAMBAYA: 'Yata shekararta 9, ba ta ganin allo, kuma lambarta tana ƙaruwa kowace shekara. An ambata mana gilashin manne mai zobuna. Ba na manya ba ne?

AMSA: Maman yarinya, tsarin ɗaya ne, manufar ce ta bambanta. A yara masu gajeren gani ƙwayar ido ce ke ƙara tsawo fiye da kima, kuma an gano cewa gilashi mai ƙarfin nesa a tsakiya da ƙarin ƙarfi a gefe yana rage saurin wannan tsawo. Wani bincike da aka yi a Amurka kan yara 294 masu shekara 7 zuwa 11, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa ƙarin dayofta 2.50 ya rage ƙaruwar lambar da kusan kashi 43 cikin 100 a shekara uku. A watan Nuwamban 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gilashin MiSight domin yaran da suka fara sa shi tsakanin shekara 8 zuwa 12. Yana rage gudu ne, ba ya mai da ido yadda yake a da, kuma yawancin yara na kwali ya ishe su, sai masu astigmatizim mai yawa ne ake ƙera wa nasu. Sharaɗin shi ne yarinyar ta iya sawa da cirewa da tsafta, babba yana sa ido, kuma a riƙa mai da ita ana dubawa.

TAMBAYA: Tun da ba na yarwa ba ne kullum, yaya zan kula da shi?

AMSA: Ɗan'uwa, a nan ne nake ƙara murya, domin gilashin da za a yi watanni ana amfani da shi ya fi na yini ɗaya buƙatar kulawa. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take samun oksijin ta cikin hawaye, kuma idan ta sami ƙwarzane a ƙarƙashin gilashi mai datti, gyambo yana iya kama ta cikin kwana ɗaya ko biyu ya bar tabon da ba ya gogewa. Kada ruwan famfo ko na rijiya ko na wurin iyo ya taɓa gilashin ko gidansa, saboda wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ruwa, wadda maganinta ke ɗaukar watanni. Ka cire shi kafin wanka, ka wanke hannu da sabulu ka tsane shi sarai kafin ka taɓa gilashin. Kada ka yi barci da shi sai in likita ne ya ce, domin hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa barci da gilashin manne yana ninka haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8.

Kowane dare ka murza shi a tafin hannu da ruwan maganinsa, ka zubar da tsohon ruwan da ke gidansa ka zuba sabo, kada ka yi ciko a kan na jiya, ka kuma canza gidan duk wata 3. Idan ruwan maganinka mai haidurojin feroksaid ne, ka bar gilashin a ciki aƙalla awa 6 a cikin gidansa na musamman, kuma kada ka kuskura ka ɗiga shi kai tsaye a ido. Mai taushi na musamman galibi ana canza shi ne bayan wata 3 zuwa 6, mai tauri yakan kai shekara ko fiye, amma wa'adin da likitanka ya yanka shi za ka bi. Ka ajiye takardar awonka, domin da ita za a sake yanka maka irinsa idan ya ɓace, kuma ka tanadi tabarau mai lambarka ta yanzu. Duk ranar da ido ya yi ja, ko ya yi zafi, ko haske ya dame ka, ko gani ya ragu, ka cire gilashin nan take, ka ga likitan ido a ranar, kuma ka tafi da gilashin da gidansa, domin daga jikinsu ake iya gano irin ƙwayar cutar da ta shiga.